Baba Mutuniyar Karo (1877–1951) da Al'adar Biki a Ƙasar Hausa

Idan aka ce wa ɗalibin Hausa ya lissafo mashahuran mutanen da suka yi zamani a ƙasar Zazzau da Kano a ƙarshen ƙarni na goma sha tara da farkon na ashirin, lalle zai fara da sarakuna, sa'an nan malamai, watakila ya ƙara da attajirai biyu ko uku. Da wuya ya tuna da wata tsohuwa, ungozoma, wadda ta ƙare kwanakinta a Giwa, ba ta yi sarauta ba, ba ta tara dukiya ba, ba ta kuma bar ɗan cikinta ko ɗaya ba. Amma kuwa a jami'o'in duniya inda ake nazarin rayuwar al'umma, sunan wannan tsohuwa ya fi na sarakunan zamaninta da dama yawo. Ita ce Baba mutuniyar Karo. A cikin wannan takarda za mu bi tarihin rayuwarta a taƙaice, mu tsaya a kan abu guda wanda muke ganin ta fi kowa bayyana shi, watau al'adar biki da musayar kyauta tsakanin mata.

Asalinta da ƙuruciyarta

An haifi Baba a wajajen 1877 a Karo, wani ƙauye kusa da Zarewa, a kudu maso yammacin ƙasar Kano, inda iyakar Kano da Zazzau da Katsina suka kusanci juna. Danginta Barebari ne, kakanninta daga Barno suka taso, suka zauna suna noma da karantarwa. Sunan mahaifinta Tsoho, manomi ne kuma malamin allo. Gidan yana da rinji, watau unguwar bayi masu noma gandun iyayen gijinsu, kuma a nan ne ma Baba ta fara ganin yadda kyauta take ɗaure mutanen da ba matsayinsu ɗaya ba. Bawa yana noma gandu wani yanki na yini, sauran lokacin ya koma gayaunarsa. In matarsa ta haihu ubangida ne zai tsaya a raɗa suna. In salla ta zo akwai abin da ke fitowa daga cikin gida zuwa rinji, akwai kuma wanda ke zuwa daga rinji a matsayin gaisuwa. Wannan bai sauya cewa bawa dukiya ce da ake gado ba, kuma bai kamata mai karatu ya ruɗu da laushin yadda 'yar masu bayi ta ba da labari ba. Abin lura dai shi ne tun tana yarinya ta san cewa kyautar da ta gangaro daga sama daban take da wadda ta hau daga ƙasa, dukkansu kuma daban suke da ta tsara da tsara.

Ƙuruciyarta irin ta 'yan matan karkara ce ta wancan zamani: talla, da surfe, da koyon kaɗi, da dandali da dare. Kuɗin lokacin wuri ne, ana lissafinsa da zambar, watau dubu, da keso, watau zambar ashirin.

Zamanin hari da fansa

Shekarun ƙuruciyar Baba ba shekarun kwanciyar hankali ba ne. Maharan Maraɗi suna sauko wa daga arewa, na Ningi suna fitowa daga gabas, ga kuma 'yan fashin mutane na cikin gida waɗanda ke laɓewa a bakin daji su kama mata masu zuwa kasuwa ko itace. Wanda ya fi tsaya mata a rai shi ne Mai Sudan, watau Ibrahim ɗan Umaru Nagwamatse, Sarkin Sudan na Kwantagora. Wannan basarake ya shafe shekaru yana kai hari ƙasashen Gwari da Kamuku, har yankin Birnin Gwari da dajinsa, yana kwasar mutane. Da Turawa suka ci Kwantagora a 1901 sai ya gudo arewacin Zazzau ya yi sansani wajen Kaya, ya ci gaba da ɓarna, har Sarkin Zazzau Kwasau ya nemi taimakon Turawa a kansa, suka zo suka kama shi a 1902. Ta wannan ƙofa ce Turawa suka shiga Zariya, a shekara mai bi kuma suka ci Kano.

A cikin labarinta Baba ta faɗi yadda aka kama wasu mata da yara daga cikin danginta, da yadda maza suka bi sawu har suka gano inda aka kai su, aka yi ciniki, aka tara wuri dubu ɗaruruwa aka fanso su. Wannan kuɗi ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Dangi ne suka haɗa, kowa ya kawo gwargwadon ƙarfinsa, kuma waɗanda suka kawo ɗin su ne dai waɗanda aka saba kai wa gudummawa ranar aurensu da sunansu. Ashe hanyar da goro da ƙwaryar hatsi ke bi ranar farin ciki, ita ce kuɗin fansa ke bi ranar baƙin ciki. Wanda duk ya san abin da ya sami Birnin Gwari da Giwa da ƙauyukan da ke bakin dajin Kamuku daga wajajen 2015 zuwa farkon shekarun 2020, lokacin da satar mutane don kuɗin fansa ta yi ƙamari, zai karanta wannan sashe na labarin Baba da wani irin ido. A waɗannan shekarun ma 'yan'uwa da surukai da abokan arziki ne suka riƙa sayar da shanu da gonaki suna haɗa kuɗi, sai dai naira ce ta maye gurbin wuri.

Ba abin mamaki ba ne da Baba ta nuna cewa talakawa irinsu sun yi na'am da zuwan Turawa saboda hari ya tsaya, hanya ta buɗe. Amma gidansu ya yi hasara ta wani gefen. Dokar Lugga ta 1901 ta hana cinikin bayi, ta kuma 'yanta duk ɗan da aka haifa daga ran 1 ga Afrilu na wannan shekara, saboda haka bayin rinji da yawa suka watse, iyayen giji suka koma riƙe fartanya da hannunsu.

Aure huɗu

An yi wa Baba auren fari tana da kimanin shekara goma sha huɗu, auren zumunta, da wani ɗan'uwanta mai suna Duma. Ta yi biyayya ga iyaye ta tare, amma ranta bai kwanta ba, bayan 'yan shekaru auren ya mutu. Ta yi idda ta auri Malam Maigari, suka zauna kimanin shekara goma sha biyar, sa'an nan suka rabu. Mijinta na uku shi ne Malam Hasan, manomi kuma yari, watau mai tsaron gidan kurkuku, kuma ta dalilinsa ne zamanta ya koma ƙasar Giwa, inda Fagacin Zazzau yake hakimci. Bayan rasuwarsa ta yi aure na huɗu da wani mai suna Ibrahim, irin auren nan da ake ce wa auren takalmi, wanda mace ke zaune a gidanta miji ya riƙa zuwa.

Allah bai ba ta haihuwa ba. Sai ta yi abin da matan Hausa suka saba, ta ɗauki 'ya'yan riƙo ta rene su har ta aurar, daga baya kuma ta zama ungozoma, wadda ake bugun ƙofarta da tsakar dare. A nan ne za mu gane abin da ya sa biki ya zame mata abu mai nauyi haka. Macen da ta yi aure huɗu ta sauya gida huɗu, ta sauya surukai da kishiyoyi, ba ta kuma da ɗa namiji wanda zai gina mata ɗaki in ta tsufa. Abin da ke bin ta daga wannan gida zuwa wancan shi ne danginta da ƙawayenta, waɗannan kuwa ba a riƙe su da fatar baki. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take; a wajen mata sai a ƙara da cewa ƙafar ba ta zuwa hannu sake.

Biki da ƙawance

Kalmar biki tana da ma'ana biyu a bakin mata. Akwai biki na taro, aure ko suna, akwai kuma biki na abin da ake kai wa mai taron, shi ya sa ake cewa wance ta yi mini biki, ko zan je in rama biki. Wannan ma'ana ta biyu ita ce Baba ta warware dalla-dalla. Ƙa'idarta ita ce ninki. In ƙawarki ta kawo miki sule ranar sunan ɗanki, ranar nata sha'anin sule biyu za ki kai. In naki ya sake zagayowa ta kawo huɗu. Haka za a yi ta hawa har kuɗin ya kai inda ya fara yi wa ɗayansu nauyi, sai su yi shawara su karya shi, su koma ƙasa su sake farawa. Ba a rubuta kome, domin galibinsu ba su yi karatun rubutu ba, amma ba wadda ke mantawa. A tsakar gida ake buɗe abin da kowa ta kawo, a ɗaga a faɗi sunanta da adadinsa, a yi guɗa, saboda haka duk matan da ke wurin shaidu ne.

Mai lissafin kasuwa zai ce wannan ai bashi ne da ruwa, har ma ruwan ya wuce na kowane mai ba da rance. Amma bashi ana biyansa ne don a rabu, kowa ya kama gabansa. Biki kuwa an gina shi ne yadda ba za a taɓa yin daidai ba: kullum akwai wadda ake bi, saboda haka kullum akwai dalilin sake haɗuwa. Ranar da mace ta mayar wa ƙawarta daidai abin da ta kawo, ba ƙari, to ta gaya mata magana ke nan ba tare da ta buɗe baki ba. Karya bikin da suke yi in ya yi tsawo shi ma shaida ne cewa ba riba ake nema ba, domin mai neman riba ba ya yarda a koma sule bayan an kai fam.

Duk da haka akwai amfanin tattali a ciki wanda bai kamata a raina ba. Mace tana samun ɗan kuɗinta ne kaɗan-kaɗan, daga zaren da ta kaɗa, ko fura da ƙuli-ƙuli da 'yarta ta kai talla. Hidimar aurar da 'ya kuwa a rana ɗaya take faɗowa: ga kayan ɗaki, ga jere, ga gara ta shinkafa da man shanu da alkaki da nakiya da za a kai gidan ango. Abin da ta yi shekaru tana rarrabawa a bukukuwan wasu, shi ne zai dawo mata a dunƙule a wannan rana, har da ƙari. Ta wannan fuska biki ɗan'uwan adashi ne, sai dai shi adashi yana da ranar kwasa, biki kuwa sai ranar da Allah ya kawo sha'ani.

Baba ta bambanta irin dangantakar da ake ƙullawa da kyauta. Ƙawa tsara ce. 'Yan mata biyu sukan ga juna su yi sha'awar juna, ɗaya ta aika da ɗan abin hannu, ɗayar ta mayar, daga nan ƙawance ya ƙullu, kuma yakan kai har tsufa. Ƙawa ce ke zama da amarya a lalle, ita ce ke tsayawa a yi sayen baki da abokan ango, ita ce ake gaya wa abin da ba a gaya wa uwa. Akwai kuma ƙanwar rana da yayarta. A nan babba ce ke zaɓen ƙarama; ƙaramar tana yi mata aike da daka da ɗaukar kaya ranar biki, babbar kuwa tana yi mata zane da ɗan kunne, ta kuma tsaya mata ranar aurenta. Tsakaninsu ba a ninki, domin ba a tsammanin ƙarama ta rama da irin abin da aka ba ta. Da hidima take ramawa. Wannan shi ne takwaran barantaka ta maza, tsakanin bara da ubangidansa. Sai kuma abokan wasa, taubasai da jikoki da kakanni, da kabilu irin Barebari da Fulani, waɗanda ake bi kuɗin shara a watan cika-ciki cikin raha da tsokana.

Idan muka haɗa da na ɓangaren maza a sha'anin aure, watau toshi, da gaisuwar iyaye, da sadaki, da lefe, sai mu ga aure ɗaya yana motsa dukiya ta hanyoyi da yawa, kowace da sunanta da mai karɓarta da abin da ake mayarwa. Ko ɗan aiken da ya kawo kaya ba ya komawa haka nan, yaba kyauta tukwici. Shari'a sadaki kaɗai ta wajabta. Sauran duk al'ada ce, amma kowa ya san wadda ta fi cin kuɗi a cikin biyun.

Haɗuwarta da Mary Smith

A 1949 wani ɗalibin nazarin al'umma, mutumin Jamaika, M. G. Smith, ya zo ƙasar Zazzau bincike daga Jami'ar Landan, inda yake karatu a ƙarƙashin Daryll Forde. Da yake namiji ne, ba shi da hanyar wuce zaure, saboda haka rabin al'ummar da ya zo nazari a rufe take gare shi. Matarsa Mary, wadda ta koyi Hausa, ita ce ta riƙa shiga cikin gidaje, a Giwa kuma ta haɗu da Baba. Tsohuwa ce mai kaifin tunani, wadda shekarunta da sana'arta suka ba ta damar shiga kowane gida, ga ta da son labari. Daga Nuwamba 1949 zuwa Janairu 1950, a Giwa da farko sa'an nan a Zariya, Baba tana faɗa Mary tana rubutawa da Hausa, kimanin mako shida in an haɗa kwanakin.

Littafin ya fito da Turanci a Landan a 1954 da sunan Baba of Karo, da gabatarwa da bayanai na M. G. Smith. Shi kansa ya yi amfani da abin da aka samu ta wannan hanya a littafinsa na 1955 kan tattalin arzikin Hausawan Zazzau.

Matsayinta a fagen nazarin kyauta

A 1925 Bafaranshen nan Marcel Mauss ya wallafa nazarinsa kan kyauta, inda ya nuna cewa a al'ummun gargajiya kyauta tana tafe da wajibai uku: a bayar, a karɓa, a rama. Misalansa ya ɗauko su ne daga nesa, kamar musayar sarƙoƙi da awarwaron ƙwanso da Malinowski ya gani a tsibiran Trobriand ya rubuta a 1922, da bukukuwan rabon dukiya na Indiyawan arewa maso yammacin Amurka. Mauss a ɗakin karatu ya yi aikinsa, daga rahotannin wasu. Ya rasu a 1950, shekarar da Baba ta gama ba da labarinta, ba wanda ya san da zaman wani a cikinsu.

A ganinmu labarin Baba ya ƙara abu biyu a kan wannan nazari. Na farko, yawancin misalan Mauss na maza ne, shugabanni masu neman suna, alhali a nan mata ne ke riƙe da lissafin, a cikin gidajen da ake zaton ba abin da ke gudana sai daka da reno. Na biyu, Hausawa sun daɗe da kasuwa da kuɗi da fatauci da alƙali mai hukunta bashi, amma duk wannan bai kashe biki ba. Kuɗin da aka samo a kasuwa shi ake kai wa biki, wuri ya wuce aka shiga sule da fam, al'adar ta bi su. Wanda ya ɗauka cewa musayar kyauta wani mataki ne da al'umma ke wucewa in ta san ciniki, to ƙasar Hausa ta ƙaryata shi. Masu bincike na baya sun bi wannan sawu: Polly Hill ta yi bayanin biki a littafinta na 1972 kan Batagarawa ta kusa da Katsina, Guy Nicolas ya fitar da littafi a 1986 kan kyautar al'ada da cinikin kasuwa a ƙasar Maraɗi, Barbara Cooper kuma ta nazarci kayan aure da darajar mata a Maraɗin a shekarun 1990.

Sai dai a yi hattara da abu ɗaya. Baba mace ɗaya ce, 'yar gidan malamai masu rinji, mai dangi da yawa, kuma mai farin jini. Ta faɗi biki ta bakin wadda biki ya yi wa rana. Macen da ba ta da jarin kaɗi ko abin talla, wadda ninki ya fi ƙarfinta har ta daina zuwa taro don kunya, ba ta sami mai rubuta nata labarin ba. Koke-koken da malamai da hukumomi suka sha yi kan tsadar lefe da gara, har wasu masarautu suka yi ta ƙoƙarin ƙayyade su, daga wannan ɓangaren suke fitowa. Haka kuma ba a san Baba ba sai ta alƙalamin baƙuwa, wadda ita ce ta yi tambayoyin, ta tsara babi-babi, ta fassara.

Baba ta rasu a Giwa a watan Yuni 1951, shekara uku kafin littafin ya fito, saboda haka ba ta gan shi ba. An sake buga shi a Jami'ar Yale ta Amurka a 1981. Hausarta ta asali kuwa, wadda Mary Smith ta rubuta daga bakinta, ta zauna a takardu shekara arba'in kafin Jami'ar Bayero ta Kano ta buga ta a 1991 da sunan Labarin Baba, Mutuniyar Karo ta Ƙasar Kano. Wannan bugu shi ya fi dacewa da ɗalibin sashenmu, domin a cikinsa ne zai sami sunayen kaya da na kyaututtuka da na dangantaka kamar yadda matan Zarewa da Giwa suke faɗinsu kafin zuwan kwano da akwati, ya kuma iya ɗaukar su ya je ya gwada da abin da tsofaffin garinsu suke tunawa.